Fita Ɗaya Tak

Masu lissafin jarumtaka sun ce Napoleon ya gwabza yaƙi kusan 60. Madalla. Amma a 1815 aka yi masa kaca-kaca a Waterloo, ya ƙare a tsibiri Turawan Ingila na gadinsa. Iskandar Mai Girma kuwa bai taɓa shan kashi ba, sai dai ko shekara 33 bai cika ba ya ce ga garinku nan, hafsoshinsa suka yi watandar daular.

Bayajiddanmu fa? In ji magabata, fita ɗaya ya yi: maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya fille kan macijiyar Kusugu, ya auri Daurama, zuriyarsa ta kafa Hausa Bakwai. Gudun da ya yi daga Borno kuwa, dabarar yaƙi ce. Kada ku tada zancen a Daura.