Turmi Sha Daka

Duk wanda ya taɓa zama majalisar bayan la'asar a Kafin Hausa ya san ba ma neman mabuɗi in an kawo lemon kwalba. Kafin yaro ya je shago ya dawo, wani ya riga ya kai kwalbar ƙuryar baki, ka ji ƙas, murfi ya faɗi ƙasa, a yi dariya a miƙa masa ta biyu. Da wannan haƙorin muke fasa busasshiyar aya, da shi muke murƙushe ƙanzo da ƙanƙara, ranar Babbar Sallah kuwa shi ke bin ƙashi har sai ɓargo ya fito. Haƙoran turmi ke nan, waɗanda wasu ke kira matauna, guda 12 a bakin babban mutum in duk sun fito, suna can ƙurya suna daka safe da yamma, ba mai ce musu sannu.

Na gaba su ne 'yan gata. Alhajinmu da Hajiyarmu in Allah Ya kai su ƙasa mai tsarki, haƙori lafiya lau za a miƙa a yi masa rigar zinare ko ta azurfa, a dawo gida ana murmushi, mu kuma muna taya murna, don haƙorin Makka yana yi wa masu shi kyau, a gidanmu ma akwai guda biyu. Amma Hajiyar nan tana da kogo a turminta na hagu, shekara uku ke nan da ɓangare ɗaya take tauna, kuma in ka ce mata a je a cike sai ta ce ai kuɗin da yawa.

Kogo in ya fara, dukanmu hanya ɗaya muke bi. Mu fara da kanumfari, mu koma ruwan gishiri mai ɗumi, mu cusa auduga, mu danna ƙwayar asfirin a wurin har ta ƙona dasashi. Akwai masu zuba garin taba, akwai ma masu ɗiga ruwan batir, wanda ke cinye haƙori da naman da ke kewaye da shi. Ranar kasuwa mai lasifika ya kira mu ya ce zai fitar mana da tsutsa, mu yi layi. Alhali babu tsutsa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya yi ta narkar da haƙori a hankali. Mu ne kuwa masu cewa mai shayi ya ƙara cokali na huɗu, mu ne masu saya wa yara alewa da kantu su kwana da su a baki. Sai daren da zogi ya hau kai, mutum ya kwana yana zagaye tsakar gida, asuba ta fari a nemi motar Haɗeja ko ta Dutse, a isa kumatu kamar an cusa lemo, a ce, "Likita, don Allah cire shi kawai in huta." Ba a fafe gora ranar tafiya. A lokacin ruɓa ta riga ta kai jijiya, ciko shi kaɗai ba zai wadatar ba.

Kaɗan daga cikinmu ne suka je da wuri, kawuna yana cikinsu. A Kano aka cike masa nasa lokacin da yake aiki can, fiye da shekara 20 da suka wuce, kuma babu baƙon da zai zauna da mu bai nuna masa ba. Sai ya ture hula baya, ya wangale baki, ya ce a haska fitilar waya. Ga shi can a tsakiyar turmin ƙasa, toka-toka mai duhu, samansa ya goge sumul kamar tsohon kwabo. "Ɗan nan, ka ga aikin da? Dalma ce aka narka aka zuba." Na sha gaya masa, "Kawu, ba dalma ba ce," don tun bayan gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 sunan kawai yana tayar wa mutane da hankali. Likitoci amalgam suke ce masa. Garin azurfa ne da kuza da tagulla ake kwaɓawa da zaiba, zaibar ta kai kusan rabin nauyinsa, a danna shi cikin ramin yana da laushi, ya yi ta ƙara tauri har zuwa washegari. Shi ya sa ake cewa kada a tauna abu mai ƙarfi a ranar, mu kuma mu tsaya tasha mu sayi tsire.

Gaskiyar Kawu ɗaya ce, abin yana da ƙarko. Sama da shekara 150 ana aiki da shi a duniya, kuma a haƙorin baya yakan kai shekara 10 zuwa 15, wani ya zarce 20. Yana jure nauyin tauna, kuma ko yawu ya ɗan taɓa wurin lokacin aiki bai cika ɓaci ba. Farin ciko na zamani, wanda ake busarwa da shuɗiyar fitila, sai wurin ya bushe ƙayau yake kamawa, kuma a babban rami na turmi yakan riga ƙarfen gajiya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Kawu.

Inda muke kuskure shi ne zaton tunda an sa ƙarfe, haƙorin ma ya zama ƙarfe. Cikon nan ba manne yake da haƙori ba. Likita ne ke sassaƙa ramin yadda gindinsa zai fi bakinsa faɗi, ƙarfen ya zauna daram ya kasa fita. Ke nan in ramin babba ne, bangon haƙorin da ya rage siriri ne. Mu sha shayi mai ƙuna mu bi shi da ruwan ƙanƙara, ƙarfe ya buɗe ya tsuke, shekara da shekaru gefensa ya ɗan saki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruɓa ta sake farawa a ƙarƙashi, sama lafiya lau, ba zafi ba komai. Na Kawu tsakuwa ce ta gama da shi, 'yar mitsitsiya a cikin shinkafa da wake. Ya ji ƙaras, ya tofo a tafin hannu, sai ga ɓallin haƙori fari da ƙarfen a gefensa, ko kwarzane babu. Ya daɗe yana jujjuya shi da yatsa, sannan ya naɗe a takarda ya sa aljihun gaba, na ga ransa ya sosu kamar wanda ya rabu da tsohon aboki.

Duniya kuma tana janye jiki daga wannan ciko, akasari saboda zaibar da ke bin ruwa da ƙasa. A garin Minamata na Japan ne wata cuta ta ɓulla a 1956, daga baya aka gano cewa zaibar da masana'anta ke zubarwa a teku tana shiga kifi tana nakasa mutane, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar 2013 ta rage amfani da zaiba, wadda Najeriya ke ciki. Tarayyar Turai ta hana cikon daga farkon 2025, sai inda likita ya ga ya zama dole. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da shawarar a kauce masa ga masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara da masu ciwon ƙoda, amma ta ce wanda nasa ke zaune lafiya kada ya je a ƙwaƙule, don wurin cirewa ana cin lafiyayyen haƙori, tururin zaibar ma a lokacin ya fi tashi. Mu kuwa da an turo murya a WhatsApp an ce guba ce, sai wanda bai taɓa kai bakinsa a duba ba ya tashi neman mai cire masa.

Abin da ya fi ci mini rai yaranmu ne. Turmin farko na dindindin yana fitowa yaro na da shekara 6, can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. In ya yi baƙi sai mu ce a bar shi, ai zai yi famfara. Wannan ba ya famfara, shi ne zai yi masa daka har tsufa, kuma shi ne ɗan ƙaramin ciko zai ceta in an kai shi da wuri.

Kawu dai ya je Dutse, sau biyu yana komawa kafin a gama, aka yi wa abin da ya rage na haƙorin hula. Ranar Juma'ar da ta biyo baya aka kawo lemo majalisa, wani yaro ya ɗauki kwalba zai kai baki, Kawu ya riƙe masa hannu ya ce, "Kawo nan, ɗan nan." Ya zaro mabuɗi ɗaure da makullin babur ɗinsa, ya bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya buɗe wa kowa, mai aya kuma na tsaye a gefe yana auna mana ta naira ɗari-ɗari.