Jinjina Ga Daktan Ƙarfe Goman Dare

Allah gafarta Malam, Dakta, Farfesa, Sarkin Magani, duk wanda aka kira ka da shi kana amsawa, kuma babu makarantar da za ta yi maka gorin cewa ita ta ba ka ko ɗaya daga ciki. Sannu da aiki. Daga Kura zuwa Bunkure, daga Kadawa zuwa Garun Malam, da zarar an idar da sallar isha'i muryarka ce ke tashi a shagon mai shayi, da ɗakin tsohuwa, da aljihun manomin da ke gadin ruwa a bakin kanal. Ka sayi rabin awa a gidan rediyo da kuɗinka, ka mallaki kunnuwan ƙaramar hukuma uku. Wa ya isa?

Dole a jinjina wa iliminka. Yaran da ke karatun likita a Jami'ar Bayero sai sun shafe shekara shida, su yi ta zarya a Asibitin Malam Aminu Kano, amma in ka je gabansu da zazzaɓi sai sun ce a ɗebi jininka a kai ɗakin gwaji. Kai kuwa ta waya kake ganin hantar mutum. Mai kira bai gama sallama ba ka riga ka gano sanyi ne ya haɗu da basir, ga kuma jifa a ƙarƙashi. Kwalba ɗaya tak, ita ce ta hawan jini, ita ce ta ciwon suga, ita ce ta ulsa da rashin haihuwa da mantuwa. Wanda ya zo ofis kuma ka ɗora tafin hannunsa a kan wata na'ura da ke haɗe da kwamfuta, cikin minti biyu takarda ta fito da cuta goma sha wani abu, kuma cikin ikon Allah duk maganinsu na nan a kan kantarka. Ba a taɓa jin na'urar nan ta sallami wani da cewa lafiyarsa ƙalau ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ka san inda za ka kau da kai. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan kanal zuwa gonakinmu, ƙasar nan ta samu arzikin shinkafa da alkama da tumatir da albasa rani da damina. Ruwan ya zo da nasa baƙon. A cikin ruwan da ke tafiya a hankali, a gindin ciyawa, akwai ƙananan dodon koɗi. Mai tsargiya ya yi fitsari a kanal, ƙwayayen cutar su ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon koɗin, su hayayyafa, su fito su huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa: mai dashen shinkafa, yarinyar da ta zo wanki, yaron da ya faɗa iyo da tsakar rana. Tsutsar ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su riƙa yaga bangon mafitsarar, shi ne jinin da yaro ke gani a ƙarshen fitsarinsa. In aka bar ta shekaru, tana lalata ƙoda, tana iya kai mutum ga kansar mafitsara. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, wadda ake rabawa kyauta a makarantu. Duk wannan bayanin bai kai minti uku ba a bakin mai magana. Amma kai, da yake ba ka son ɓata wa masu sauraro lokaci da ƙaramar magana, sai ka ce yaron ya taka sawun aljani a bakin ruwa da magariba, a kawo shi a yi masa hayaƙi. Wasu iyayen dama sun ji daga kakanni cewa jinin nan alamar balaga ce, ka bar su da abinsu, don ba ka zo raba mutane da al'adarsu ba. Madalla da wannan kawaici.

Matan kuma ka yi musu gata na musamman. Tsutsar nan ba ta tsaya a mafitsara ba, tana taɓa mahaifa, tana jawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har ta hana ɗaukar ciki. Matar da ta shekara biyar ba haihuwa, dangin miji sun sa ta a gaba, ta kira ka tana rawar murya, ka sanar da ita a gaban duniya cewa namijin dare ne ya aure ta. Ka ɗauke mata wahalar zuwa asibiti, ka ɗora mata tsoron kwanciya barci.

A 2016 ma mun ga gwanintarka. Shekarar da sharon ya cinye tumatir ke nan, gona ta kwana kore ta wayi gari a ƙone, kasuwar Kwanar Gafan ta yi tsit, kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa, wanda bai daɗe da buɗewa ba, ya tsaya don babu abin niƙawa. Malaman gona suka yi ta bayani: ɗan ƙaramin ƙwaro ne, asalinsa Kudancin Amurka, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya bi ta Arewacin Afirka ya iso mu. Tsutsarsa cikin ganye take shigewa, shi ya sa feshi ba ya cim mata da sauƙi, kuma in aka nace wa magani iri ɗaya sai ta saba da shi. Suka ce a ƙone ragowar shuka bayan girbi, a riƙa sauya abin da ake shukawa, a kafa tarko, a riƙa canja maganin feshi. Aiki ne mai gajiyarwa. Kai ka zo da mai sauƙi: alamar ƙarshen zamani ce, albarka aka ɗauke. Manomin da ya yarda da kai ya huta da ƙona karan tumatir, ƙwaron ma ya samu wurin kwana har wata shekara.

Ga mu a fagen da ba ka da na biyu, wato sanin ranar tashin duniya. Mu dai abin da muka koya tun muna gaban allo shi ne sanin Sa'a na Allah ne shi kaɗai, kuma da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amsar da ya samu ita ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Amma kai kalanda gare ka. Ka tsorata mu da shekarar 2000. Ka tsorata mu da 21 ga Disamba 2012, ranar da aka ce lissafin mutanen Maya na Meziko ya ƙare. A azumin 2020, mutane na kulle a gida saboda korona, ana ta binne dattawa a Kano, zukata a karye, ka ga lokaci ya yi da za a ƙara musu: ranar 15 ga Ramadan ta faɗo Juma'a, za a ji wata ƙara daga sama, kowa ya toshe kunne ya rufe taga. Malaman hadisi sun daɗe da bayyana cewa ruwayar ba ta inganta ba. Juma'ar ta zo, aka sha ruwa lafiya. Ranar Asabar ka dawo da tallar maganin basir, ko a jikinka. Wannan ƙarfin hali ba kowa Allah ya ba ba.

Haka husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya mai da safiya dare a Gusau da Katsina. Masana taurari sun faɗi ranarsa da mintinsa tun shekaru kafin ya zo, don lissafi ne na tafiyar wata tsakaninmu da rana. Addini ya koya mana mu yi salla idan mun gan shi, ya kuma koya mana, tun ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu rana ta yi husufi, cewa ba don mutuwar wani ko rayuwarsa ake yi ba. Irinku kuwa kun fi gane a nemo wanda zunubinsa ya jawo. A Maiduguri, a Janairun 2001, bayan husufin wata, matasan da aka cusa wa irin wannan karatu suka fita ƙone-ƙone.

Kada ka ji kaɗaici, kana da 'yan uwa a ƙetare. A Amurka an yi Harold Camping, mai gidan rediyon Family Radio, wanda ya tsayar da 21 ga Mayu 2011 a matsayin ranar hisabi. Mabiyansa suka bar aiki, wasu suka ƙarar da abin da suka tara wajen buga allunan gargaɗi. Da ranar ta wuce ya ɗaga zuwa Oktoba. An yi Art Bell, mai shirin tsakar dare na Coast to Coast AM, inda a 1996 aka yi ta yaɗa cewa wani jirgin halittun sama na biye da tauraruwa mai wutsiya ta Hale-Bopp. A Maris 1997 aka tsinci gawar mutum 39 na ƙungiyar Heaven's Gate a Kalifoniya, sun kashe kansu da imanin jirgi zai ɗauke su. Sai dai ka fi Camping daraja ta fuska ɗaya. Shi a 2012 ya fito ya ce ya yi kuskure, ya yi zunubi, ya daina. Kai ba ka taɓa zubar da girmanka haka ba.

Masu ɓata maka shiri su ne waɗannan masu taurin kan da ke kira. Wani dattijo daga Bunkure ya ce, "Allah gafarta Malam, bara ka ce ba za mu ga wannan azumin ba, ga shi mun gani. Yaya ke nan?" Wani matashi daga Kura ya ce, "Dakta, lambar NAFDAC ɗin maganin nan fa, karanto mana ita." Wata malamar asibiti ta ce, "Baba, don Allah ka daina ce wa masu suga su ajiye allurarsu." Cikin hikimarka sai layin ya katse, ka ce matsalar sabis ce, sannan ka yi wa masu sauraro nasiha a kan raunin imani da sharrin boko. Ka yi musu uzuri, noman rani ne ya lalata su. Mutumin da in an kawo masa sabon iri ba ya zuba shi a gona duka, sai ya ware fangali biyu a gefe ya gwada, ya jira girbi ya auna buhu da buhu, mutumin da ke murza taki a tafin hannu don ya gane ko an gauraya shi da yashi, shi ne yake zaton maganar da za ta shiga cikinsa da cikin 'ya'yansa ma sai an gwada ta. Ka ga rashin kunya.

Almajiranka na waya ma sun yi abin a yaba. A wani dare na Agustan 2014 aka tashi ƙasar nan kaf da kira da saƙo: a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, kafin asuba, maganin Ebola. Cutar ba ta ko iso Kano ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya, kuma abin da ya tsayar da ita shi ne killace masu ita da bin sawun waɗanda suka taɓa su, aikin da Dakta Stella Adadevoh ta ba da ranta a kai. Gishirin kuwa ya kashe aƙalla mutum biyu, ya kwantar da wasu a asibiti.

Akwai wurin da yabon nan ke maƙale mini a wuya, shi ne maganar shan inna. Tsoron mutanen Kano yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana, yara 11 cikin 200 da ke gwajin suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Wanda aka yi wa haka yana da haƙƙin ya tambaya, ya nemi a auna, ya ga sakamako da idonsa. Abin da masu sana'arka suka yi shi ne suka ɗauki wannan ciwo na gaskiya suka mai da shi jari. Aka ce ɗigon rigakafi na hana haihuwa. Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, ba a dawo ba sai Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a shekarun nan yanzu magidanta ne, muna ganinsu a kan keken guragu a tashar Kura. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a wurare biyu a birnin Kano, akasarinsu mata masu neman abin sa wa a bakin salati. Kwanaki kaɗan kafin nan wani shiri a tashar Wazobia FM ya taɓo maganar rigakafin, abin da ya sa aka gurfanar da ma'aikatan tashar a kotu, hukumar NBC kuma ta dakatar da lasisinta. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Har yau akwai uwar da ke ɓoye ɗanta a bayan ƙyaure in ta ji masu rigakafi, kuma a bakin irinka ta ji dalili.

Saura masu gidajen rediyo, waɗanda in ba don su ba da ba mu san ka ba. Su ma a gaishe su. Sun san dokar NBC ta hana tallar da ke alkawarin warkarwa, sun san sai NAFDAC ta amince ake tallar magani, amma sun gano mafita: a karɓi kuɗin, a sa wata murya ta ce ra'ayin mai shiri ba na tasha ba ne. Da wannan jimla guda suke wanke hannu, ko da a shirin aka gaya wa mai ƙullutu a nono cewa daji ba ya son ƙarfe, kada ta bari a taɓa ta a asibiti, ta zauna tana shafa garin magani har ciwon ya fashe.

Kuma ba abin tsoro muka rasa a ƙasar nan ba, da har sai an aro mana daga sama. Kacalla na toshe kanal, na ƙarshen layi ba ya samun ruwa. Samari na feshi ba takunkumi ba safar hannu, suna wanke tankin a ruwan da ake sha a ƙasa. Dattawanmu sun ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, sun san abin da ruwa ke yi in aka yi sakaci da gini. Kowanne cikin waɗannan ya ishi shirin rabin awa, da malamin gona ko injiniyan Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are ko ma'aikaciyar lafiya a gaban makirufo. Ranku ya daɗe manajoji, in hakan ya yi muku tsada, ga roƙo mai araha: daren da dattijon Bunkure ya sake kira, ku hana Dakta taɓa maɓallin, ku bar bawan Allah ya ƙarasa tambayarsa, Dakta ya amsa muna ji.