Jikan Marini a Ƙasar Turawa

Kakana na wajen uba marini ne a karofin Ƙofar Mata, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa hannuwansa ba su rabu da shuɗi ba. Ni kuwa ko ɗan yatsa ban taɓa tsomawa a rijiyar baba ba, boko aka kai ni. Hakan bai hana ni tinƙaho da gadon gidanmu ba duk inda aka yi zancen launi, musamman a gaban Bature. Wannan bakin nawa shi ya ja mini.

Lokacin ina karatu a Sheffield, arewacin Ingila, ina hayar ɗaki a saman benen wata tsohuwar Baturiya. Mama nake ce mata. Da farko ta ce ita ba ta haife ni ba, daga baya ta saba, har in ban faɗa ba sai ta tambaya ko lafiya. Wata Asabar cikin watan Yuli ta ce in shirya, bazara ta yi, za mu je bakin teku a Scarborough, garin da su suke kira Sikabara, su haɗiye rabin haruffan.

Bazara fa aka ce. A Kano bazara ita ce lokacin da ake kwana a tsakar gida ana juyi kamar masa a tanda, zafi ya haura digiri 40, kowa na duban gabas ko hadari zai taso. A can kuwa na tarar da digiri 19 da iska mai ratsa ƙashi, ga mutane sun tuɓe suna faɗawa ruwan da da ƙyar yake kai digiri 15 ko a tsakiyar Agusta. Ni ina cikin rigar sanyi biyu. Na sayi soyayyen kifi da dankali, ban kai loma ta uku ba wani farin tsuntsun teku, mai kamar balbela amma da halin shirwa, ya sauko ya fizge kifin daga hannuna. Mama ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce tunda yanzu na san teku, ranar Talata in raka ta ƙungiyarsu ta masu yin katin gaisuwa, aikin makon shi ne bakin teku a bazara.

Sai ka zauna da mutanen nan za ka san matsayin kati a wurinsu. Tun 1843 da wani Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti na sayarwa a Landan, ba su sake hutawa ba. Haihuwa kati, sabon gida kati, cin jarrabawar tuƙi kati, kare ya mutu kati. Mu da muka ce zumunci a ƙafa yake, su nasu a ambulan yake.

Tsofaffin mata goma sha ɗaya na tarar a zauren unguwa, sai ni, sai butar shayi. Aka ba kowa takarda mai kauri irin ta masu zane da ruwa, da hatimai na roba: ƙaguwa, jirgin ruwa, bokitin yara da shebur, hasumiyar fitilar da ke yi wa jirage jagora da dare, da waɗannan ƙananan ɗakunan katako na bakin teku masu kama da shagon mai cajin waya. Ni dai hatimi a ofis na san shi, abin da ake kulle wa a aljihun tebur, a ce maka oga ya fita da makulli, ka dawo Litinin. Kuma na san yadda ake buga shi. Na danna ƙaguwar a tawada, na ɗaga hannu sama, na sauke, tim! Kofunan shayi suka yi tsalle. Malamar ƙungiyar ta dafa ƙirji ta ce, "A hankali, ɗan nan. Ɗorawa ake yi, a danna, a ƙirga biyar, a ɗaga." Ƙaguwata ta fito kamar wadda tirela ta bi ta kai.

Sannan aka fito da garin launin. Brusho ake ce masa, a nan Sheffield ɗin ake yin sa, cikin 'yan robobi kamar na man zafi. Malamar ta ɗaga ɗaya ta kafa doka guda: ba a buɗe murfin. Allura ake sa wa a huda shi, a riƙa kaɗawa kamar gishiri, kai, ƙasa da gishiri. Ta barbaɗa abin da ido bai ma gani sosai ba, ta ɗauki kwalbar fesa ruwa ta yi fish sau biyu. Wallahi sai takardar ta fashe da launi. Kowace ƙwayar gari ta buɗe kamar fure, shuɗi na bin kore, ga ɗigon ɗorawa da ban san daga inda ya fito ba. Ashe abin da kake gani launi ɗaya a roba haɗin launuka ne, ruwa ke tona asirinsu.

A nan ne ya kamata in yi shiru. Sai na gyara murya na ce ai mu wannan gado ne. Na ba su labarin karofin da ake cewa tun 1498 yake aiki, da yadda ake haɗa baba da toka da katsi a bar su kwanaki su nuna, da yadda ƙyalle ke fitowa kore-kore daga rijiya sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Duk gaskiya ne, sai dai a bakin baffana na ji. Matan suka saki baki. Malamar ta ce, "Ashe malami muka samu! Mako mai zuwa kai za ka fara nuna naka." Na ce ba komai, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ranar Juma'a da hantsi na baje kayana a ɗaki: roba uku, shuɗi biyu da kore ɗaya. Farar shaddata tana rataye a ƙofa, na goge ta tun dare. Na huda murfi, na kaɗa, abin na fitowa kamar rowar ɗan kasuwa. Na ce jikan marini ne zai tsaya yana roƙon launi ta ramin allura? Na murɗe murfin na buɗe. Na buɗe na biyun ma, don in gwada su.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne, bazarar Ingila takan zo mini da mura ta ƙurar furen ciyawa. Na kawo robar kusa da fuska ina leƙawa, sai na ji hancina ya yi wani motsi. Kafin in kau da kai, atishawa ta zo, irin wadda ake ji daga zaure.

Da na buɗe ido, robobin sun koma rabi. Na duba tebur, na duba kafet, ban ga wani abin tashin hankali ba, 'yar ƙura-ƙura ce kawai. Na karkaɗe gemu, na karkaɗe gaban riga, na ce Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Na duba agogo, lokacin masallaci ya matso. Na shiga banɗaki, na cire tabarau na ajiye, na fara alwala. In ba tabarau, ni da makaho bambancinmu sanda. Na ga kamar ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, na ce maganin wanke-wanken Mama ne. Na wanke fuska sau uku, na tsefe gemu da yatsu yadda ya kamata, na shafi kai, na zagaye kunnuwa ciki da waje. Na zura shadda, na fita da gudu. Sai a bakin titi na mayar da tabarau na ga hannuwana. Na ce to, hannu ne, na cusa su a aljihu.

Sai aka fara yayyafi. Ina tsaye ina jiran bas, ina kallon shaddata tana fitar da furanni ɗaya bayan ɗaya, daga kafaɗa zuwa ƙirji, daidai yadda takardar malama ta yi, har da ɗigon ɗorawar.

Turawan Ingila suna da wata kunya mai cutarwa. Bas cike, ba wanda ya ce mini uffan. Kowa ya kalle ni sau ɗaya, ya mayar da ido kan wayarsa kamar an aiko masa da labarin rasuwa. Wani yaro ne kaɗai ya nuna ni da yatsa, uwarsa ta kama yatsan ta sauke.

A ƙofar masallaci na haɗu da wani abokina ɗan Damagaram. Ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, yaushe ka zama Buzu ba a gayyace mu ba?" Ya kunna kyamarar wayarsa ya miƙo mini. Buzayen da ke naɗa turkuɗin Kura, shunin yakan ɗan zauna musu a goshi da kumatu, abin ado. Nawa ba ado ba ne. Fuska shuɗiya har cikin kunne, gemu kore, sai idanu biyu farare. Bai bar ni na gama jimami ba ya kawo mas'ala: ruwan da launinsa ya jirkita, alwala ta inganta da shi? Na sake wata a wurin alwalar masallaci. Wani dattijo ɗan Yaman da ke gefena ya ga abin da ke gangarowa ta magudana ya nufo ƙafarsa, ya ɗauke takalmansa ya koma can ƙarshen layi.

Na dawo gida na tarar da Mama zaune a kan matakala, hannuwanta shuɗi har gwiwa. Ta leƙa ɗakina ne ta ga ƙura a kafet, ta ce bari ta taimaki yaro. Da jiƙaƙƙen tsumma. Kafet ɗin nan mai ruwan madara ya koma teku sosai, har da igiyar ruwa inda ta yi ta gogawa. Labule ya samu rabonsa, bango ma haka. Abu ɗaya ne a ɗakin bai ɗauki launi ba: katin. Atishawar ta hure shi ya faɗa bayan tebur, na ɗauko shi fari fat.

Mama ta dube shi, ta dubi kafet, ta ce, "Kuɗin ajiyarka dai sun tafi, ɗan nan. Kada launin ya tafi a banza." Ta karɓi katin ta kifa shi a kan kafet, ta taka da silifa. Da ya bushe na ɗora hasumiya da ƙaguwa, a hankali, na ƙirga biyar. Ranar Talata na ce wa matan wata tsohuwar dabara ce ta gidanmu, Mama ta sunkuyar da kai cikin kofin shayinta.

Katin na ba wani mai tafiya Kano ya kai wa Hajiyarmu. Bayan kwana huɗu ta sa ƙanwata ta kira ni ta bidiyo. Ta ce hasumiyar masallacin ta yi kyau, amma me ya sa aka bari ambaliya ta ci shi, kuma kunamar nan ta mece ce? Ina cikin bayani ta matso da fuska jikin wayar, ta yi shiru.

"Kai, juyo da kunnenka in gani."

Na juya.

"Ikon Allah," in ji ta. "Shi dai kakanka a hannu ya tsaya."