Masu Neman Izini a Teburin Koke

Idan ma'aikata ta girma har kokenta ya fi ƙarfin wayar mutum ɗaya, sai ta koma ga manhajar tikiti. Kowane kuka, daga "firinta ta ƙi aiki" zuwa "albashina bai shigo ba", ana ba shi lamba, ya shiga layin sashen da zai magance shi. OTRS, wadda aka fara a Jamus a 2001, ta tsara abin a sauƙaƙe: kowane layi yana ƙarƙashin rukuni guda, ma'aikaci kuma ana ba shi izini a kan rukunin. Ko ya karanta kawai, ko ya buɗe sabon tikiti, ko ya turo tikiti cikin layin, ko ya rubuta bayani, ko ya sauya mai riƙe da shi, ko ya ɗaga gaggawarsa, ko a sakar masa komai. 'Yan akwatuna ne da ake dannawa, yaro ma zai iya. Wahalar tana ga masu zuwa roƙo. Ra'ayina shi ne a ɗaura izini a wuyan aiki, mutum ya same shi ta hanyar muƙaminsa, domin ranar da aka fara rabonsa da sunan wane da wance, ranar ce waɗannan bayin Allah za su yi sallama.

Oga ne kan fara zuwa, kuma ba ya zama. Daga bakin ƙofa zai ce, "Malam, yaya za a ce ina shugaban wuri akwai layin da ba na gani?" A buɗe masa komai. Kafin mako ya zagayo ya aiko a kashe masa saƙonnin da ke cika masa waya, daga nan kuma shi da manhajar sai a lahira. Asusunsa na nan da ikon rufe kowane tikiti, kalmar sirrinsa kuwa tana jikin wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da sakatare ya manna a ƙasan allon kwamfuta. Za a ce ai shugaba ya cancanci sanin abin da ke gudana. Haka ne, amma abin da yake bukata rahoto ne, tikiti nawa suka shigo, nawa suka kwana, kuma OTRS tana da rukuni na musamman don alƙaluma. Gani daban, ikon taɓawa daban, sai dai a kunnen Oga "karatu kawai" zagi ne.

Bayansa sai mai "na yau kaɗai". Abokin aikinsa ya tafi hutu, yana so a buɗe masa layin kuɗi zuwa Juma'a. Wace Juma'ar, bai faɗa ba. Idan ya daɗe a ma'aikata, shi ne ke rikiɗa ya zama tsohon hannu: ya zauna a sito, ya wuce sashen ma'aikata, ya yada zango a akanta, ko'ina an ƙara masa izini, babu inda aka karɓe. Yana yawo kamar maigadin tsohuwar sakatariya da damin makullai a ƙugu, rabinsu shi kansa bai san ƙofofinsu ba. Yanzu aikinsa gyaran kwamfuta, amma yana iya karanta takardar asibitin da wata ta liƙa a tikitin neman hutu.

Mai jifa kuwa ba ya neman abu mai yawa, izinin tura tikiti zuwa kowane layi ya ishe shi. Teburinsa kullum fes. Tikiti ya shigo da safe, kafin shayi ya huce yana layin wasu da ɗan rubutu, "naku ne". Ƙanwarsa a hali ita ce mai gaggawa. Ma'aunin OTRS daga 1 zuwa 5 yake, na yau da kullum 3, amma ita 5 kaɗai ta sani, ko da linzamin kwamfuta ne ya ɗan yi nauyi.

Duk waɗannan ba za su samu shiga ba in ba don admin mai kunya ba, wanda bai iya kallon babba ya ce a'a. Shi ne ke kiwon fatalwa, wato asusun wanda ya bar aiki tun bara amma har yau yana iya shiga. OTRS ba ta goge ma'aikaci, don kada tarihin tikiti ya ɓace, dakatar da asusu ake yi, dannawa ɗaya. Sai ka ji ya ce, "Bari dai, wataƙila ya dawo." Hujjarsa mai ƙarfi ita ce amana: mutanen nan 'yan uwan juna ne, tsaurara musu zargi ne. Amma ɓarawo ba ya bukatar ma'aikaci maha'inci, mai gaskiya da izini ya yi wa yawa ya fi masa amfani. A Yulin 2020 wasu matasa suka yaudari ma'aikatan Twitter ta waya, suka kai ga kayan aikin da ake taimaka wa masu asusu da su, suka nufi asusu 130, har da na Barack Obama da Elon Musk, suka kwashi sama da dala 100,000 na bitcoin. A Oktoban 2023 kamfanin Okta, wanda sana'arsa kenan tsaron shiga, ya sanar cewa an kutsa manhajar kokensa, bayan wani ma'aikaci ya ajiye kalmar sirrin wani asusun aiki a asusunsa na Google. Fayilolin da kwastomomi 134 suka liƙa a tikitinsu ne aka gani. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka rubuta ƙa'idar: a ba kowa mafi ƙarancin ikon da aikinsa ke bukata.

Masu cewa tsaurarawa na kashe aiki su ma suna da gaskiyarsu, kuma shaidarsu shi ne admin marowaci. Wannan ya ji labarin Twitter ya tsorata, yanzu ko izinin rubuta bayani sai an cike masa fom da sa hannu uku. Sabuwar ma'aikaciya ta yi kwanaki tana kallon tikiti ba ta iya amsawa, sai na kusa da ita ya tausaya ya ba ta kalmar sirrinsa, ita ma ta ba wani. Nan gaba rajista ta nuna mutum ɗaya ya rufe tikiti a layi uku lokaci guda, alhali yana Saudiyya aikin Hajji. Rowa da kunya abu ɗaya suka haifar, an rasa sanin wa ya yi me, kuma dukansu sun faɗa ramin ne saboda suna yanke hukunci mutum bayan mutum. Da an zauna sau ɗaya an rubuta abin da mai karɓar koke ke iyawa, da na mai gyara, da na shugaban sashe, da sabuwar ta samu izininta ranar da ta fara aiki, tsohon hannu kuma ya ajiye na sito ranar da ya bar sito. Oga zai zo duk da haka, amma mai kunya zai iya juya masa allo ya ce, "Ranka ya daɗe, haka muƙamin ya zo."