Ire-iren Masu Koyon Shirya Wasan Na'urar Hannu a Ƙasar Kabi

Na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy, wadda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1989, ta daɗe da barin kasuwa, amma har yau masu koyon shirya manhaja suna gwada hannunsu a kanta, domin ƙanƙantarta ba ta barin mutum ya ɓoye rashin saninsa. Allonta ɗigo 160 ne a kwance da 144 a tsaye, launukanta huɗu ne kacal, ma'ajiyar aikinta kuwa kilobait 8 ce. Ɗalibi a Argungu ko Birnin Kebbi ba ya bukatar mallakar na'urar, tun da akwai manhajar kwaikwayo, wato wadda ke sa kwamfuta ta yi aiki tamkar ita ce na'urar, kuma wannan sauƙi ne ya buɗe ƙofa ga mutane iri biyar.

Na farko shi ne Sarkin Tanadi, wanda ya sauke GBDK, kayan aikin rubuta wasa da harshen C, ya ƙara da wasu kayan aikin irin su RGBDS da GB Studio, ya tara littattafan koyarwa har wayarsa ta cika, amma bai taɓa rubuta layi ɗaya ba. Duk lokacin da aka tambaye shi labarin wasan, sai ya ce yana jiran kwamfuta mai ƙarfi, alhali na'urar da yake son yi wa aiki batir huɗu ne abincinta.

Na biyu shi ne Mai Dogon Buri, kuma shi ya fi cancantar dogon bayani, domin kishin garinsu ne ya kai shi ya baro. Niyyarsa ita ce ya zuba bikin kamun kifi na Argungu gaba ɗaya cikin wasansa na farko, tun daga tarihin somawarsa a 1934, da Sarkin Ruwa, da makaɗa a cikin kwalekwale, har zuwa dubban masunta da ke rugawa kogin Matan Fada, kowanne da homa da gora. Sai dai na'urar tana da doka game da 'yan hotuna masu motsi, wato ƙananan siffofin da ke wakiltar mutum ko kifi a allo: ba ta ɗaukar fiye da 40 a lokaci guda, kuma ba ta nuna fiye da 10 a jere ɗaya. Saboda haka masunci na goma sha ɗaya yakan ɓace tun kafin ya taɓa ruwa, giwan ruwa kuma yakan fito babu wutsiya, shi kuwa mai wasan, maimakon ya rage yawan jama'a, sai ya yanke shawarar ƙara babi a kan gidan tarihi na Kanta.

Na uku shi ne Ɗan Kwafe, wanda ke tsinto umarnin da wasu suka rubuta ya liƙa su wuri ɗaya ba tare da ya karanta ba. Wasansa yakan yi aiki, amma bai san dalili ba, kuma ranar da manhajar tafinta, wadda ke mayar da rubutun mutum zuwa lambobin da na'ura ke ganewa, ta nuna masa kuskure a layi na ɗari biyu, sai ya goge layin ya yi addu'a.

Na huɗu shi ne Malam Tsantseni, wanda ya yi imani cewa duk wasan da ba a rubuta da harshen na'ura tsantsa ba, inda ake gaya mata kowane motsi ɗaya bayan ɗaya, wasan yara ne. Yana raina masu amfani da GB Studio, manhajar da ta fito a 2019 domin a shirya wasa ba tare da dogon rubutu ba, yana kuma iya shafe yammaci guda a majalisa yana bayanin yadda ake ceton bait uku. Iyakar abin da ya taɓa nunawa a allo shi ne sunansa, shi ma a karkace.

Ta biyar ita ce Mai Gora Ɗaya, wadda ba a jin muryarta a muhawara, domin ta zaɓi abin da sauran ke ganin ya yi musu kaɗan: gora guda tana tafiya dama da hagu, kifi guda yana wucewa, lamba tana ƙaruwa idan an kama shi. Da sannu ta ƙara kifi na biyu, sannan ƙara, sannan allon kammalawa, har wasan ya kai ga ƙannenta suna faɗa a kansa. Tarihi yana bayanta, domin Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko, wanda kuma ya taimaka ƙwarai wajen tallata wannan na'ura, siffofi bakwai ne kawai masu faɗowa.

Da zarar wasanta ya kammala, Sarkin Tanadi zai nemi a tura masa ya adana, Ɗan Kwafe zai sauya masa suna, Malam Tsantseni zai ce an yi almubazzaranci da ma'ajiya, Mai Dogon Buri kuwa zai tabbatar mata da cewa nasa na nan tafe kafin biki mai zuwa.