Masu Sayen Wadrof a Waya

A da, in za a sayi wadrof a Kano, yini guda ake warewa. A je wurin kafintoci, a buɗe ƙofa a rufe, a ja durowa a tura, a ƙwanƙwasa gefe a kasa kunne, a yi ciniki har a yi fushin ƙarya a tafi a dawo, sannan a kira mai kurkura a ɗaure kaya, yaro ya hau baya rungume da madubi. Mai son nagari ma da ƙafarsa yake zuwa 'yan katako na Na'ibawa ya zaɓo itace ya kai wa kafintansa. Shagunan intanet na Jumia da Konga sun buɗe a Legas tun 2012, amma babbar kasuwarmu mu tana kan WhatsApp da Instagram da TikTok, musamman tun da wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ta koya wa har kakanni tura kuɗi ta waya. Yanzu mutum yana kwance kan katifa zai sayi abin da ya fi shi tsawo. Cinikin biri a sama ke nan, kuma ya tara jama'a iri-iri.

Wadda za ka fara cin karo da ita ita ce Hajiya mai tambaya. An rubuta farashi da jan rubutu a tsakiyar hoton, amma sai ta rubuta, "Nawa?" A faɗa mata. "Ƙarshe fa?" A rage. "Har da kawowa?" Daga nan sai a turo bidiyo, a buɗe durowar ƙasa ta gani, a haska bayan, a nemo mai ruwan toka. Sai saƙon murya na minti huɗu, uku a ciki gaisuwa ce: ya gida, ya yara, ya jama'a, ya aka ji da zafi. Ta rufe da, "To bari in yi shawara da Abban yara." Shiru kake ji. Bayan wata biyu sai ga ta: "Salam, har yanzu akwai?" Ƙanwarta ita ba ta wahalar da kowa. Kwandonta na manhaja cike yake da kabad da kantoci, tana jiran rangwamen Black Friday na watan Nuwamba. Nuwamba ta zo, an yi rangwamen, amma darajar naira ta riga ta yi nata aikin, sai ta ce bari a ga na baɗi.

Sai maƙiyin awo. Shi hoto kawai yake kallo. Ya ga ma'ajin takalma an ɗauki hotonsa daga ƙasa, ya cika fuskar waya, ga shi da araha, nan take ya tura kuɗi. A ƙasan hoton an rubuta santimita 60, wato kusan ƙafa biyu, amma wa yake da lokacin ƙananan rubutu? Ranar kawowa ya sa an share wuri a falo, ya tanadi majiya ƙarfi biyu a ƙofar gida. Sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, ya miƙo kwali da hannu ɗaya ko kashe babur bai yi ba. Majiya ƙarfin suka dubi kwali, suka dubi juna, suka ce ko ba a yi aiki ba ai an ɓata musu lokaci, a ba su na ruwa.

Yayansa ya fi shi ban tausayi, don shi abin da ya gani shi aka kawo masa, har da ƙari. Wadrof mai ƙofa shida, a haɗe, an yi shi don gidajen da mota ke shiga har gindin bene. Gidan Alhaji kuwa a cikin gari yake, a ƙuryar lungu, ga zaure mai kwana biyu wanda kakansa ya gina don kada na waje ya hango tsakar gida. Kurkura ta tsaya a bakin lungu ta ce iyakarta ke nan. Kafin ka ce kwabo unguwa ta hallara, kowa ya zama masani. "A kwantar da shi!" "A'a, a miƙar, a shigar da kai tukuna!" "Ku cire ƙyauren mana!" Wani dattijo da ke dawowa daga masallaci ya ba da shawarar a ɗaga shi ta katangar maƙwabta, maƙwabcin ya leƙo ya ce ba da katangarsa ba. Har Magariba ana fama, madubi ɗaya ya tsage. Yau in ka je gidan, wadrof ɗin yana zaure na farko, an zuba tabarmi da butoci a ciki, Alhaji kuma yana gaya wa baƙi cewa dama don nan ya saye shi.

Wanda na fi jin daɗin kallo shi ne injiniyan gida. Shi kayansa a kwance suke zuwa cikin kwali, allo-allo, da ƙullin notuna a leda da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe na ɗaurewa, irin dabarar da kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya yaɗa tun shekarun 1950. Takardar bayani ba kalma ko ɗaya, sai zane da kibiyoyi. Uwargida ta ce, "Abban yara, ko a kira kafinta?" Ya ce, "Kafinta na me? Ni da na yi digiri?" Ya tuɓe babbar riga bayan Azahar, ya kori yara, ya ajiye takardar gefe don a ganinsa raini ce. La'asar ta same shi yana fito. Isha'i ta same shi da tocilan a baki, an ɗauke wuta, yana neman wani noti da ya gangara ƙarƙashin gado. Da aka miƙar da abin, ƙofa ɗaya marikinta na sama, ɗaya na ƙasa, allon baya ya juya fuskarsa ga bango, ga notuna bakwai sun ragu a leda. Ya ce gyara ce kamfani ya yi masa. Aka cusa ninkakken kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, aka kafa doka a gidan: kada wanda ya buɗe ƙofofin biyu a lokaci guda. Ranar da ya yi tafiya aka kira kafinta, ya karɓi kuɗi biyu, na kwancewa da na haɗawa.

Goggo, shugabar 'yan jere, ba ta sayen komai a waya, amma ba a saye sai an nuna mata. Ta riƙe wayar nesa da ido, ta ce, "Wannan katako ne ko dusa?" Yara su yi dariya, alhali tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan. Yawancin masu sheƙin nan MDF ne, garin itace da aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da fata mai ƙyalli. Yana da santsi, yana da kyan gani, amma gaba yake da ruwa. Amarya mai wanke ɗaki kullum da bokiti, kafin damina biyu gindin kabad ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Kuma ramin noti ba ya son a kwance a mayar, don haka mai zaman haya ya sani, kowace ƙaura tana cin rabonta. Goggo ta san duk wannan ba tare da ta san sunansa ba. Sai dai kada a bar ta ta fara labarin adakarta, wadda aka kai ta da ita ɗaki tun ana kashe fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Adakar tana nan daram, gaskiya ne. Maza huɗu ke ɗaga ta, kuma ba abin da ke ciki sai kwanonin da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba.

Akwai mai wayo, wadda ke ganin ta fi kowa. Ita hoto take ɗaukowa, na wani ɗaki a Turkiyya, ta kai wa kafintan unguwa. "Malam, irin wannan nake so, sak." Ya kalla da wutsiyar ido ya ce, "Hajiya, wannan ai wasa ne, mun yi wanda ya fi shi." Ya karɓi kafin alƙalami, ya ce sati biyu. Sati biyun kafinta kuwa, kowa ya sani, bayan Sallah yake cika, bai dai faɗi wace Sallar ba. In kaya ya fito, launin ne kaɗai ya yi kama, shi ma in an tsaya daga nesa.

Mai ɓoyo ta kwashi adashi ta yi oda ba da sanin maigida ba, ta roƙi a kawo da hantsi yana wurin aiki. Ta saba da mayafi da turare, waɗanda ake turawa ƙasan akwati. Direba bai tashi zuwa ba sai bayan Magariba, maigida na zaune a dakali da abokansa: "Salamu alaikum, kayan Hajiya ne, saura kuɗin mota." Ita kuma mai shirya gida, bidiyon matan ƙasashen waje ne ya hana ta barci. Ta sayi akwatunan roba masu murfi, ta liƙa wa kowanne suna, ta sayi kanta don jera akwatunan. Kayan sawa har gobe suna cikin Ghana-must-go, sauran a kan kujera.

Akwai wanda ba za ka ji bakinsa ba. Ya ga wadrof a rabin kuɗi a wani shafi mai dubban mabiya, aka ce saura ɗaya, ya tura kuɗi duka. Tun ranar lambar ba ta shiga. In ka tambaye shi sai ya ce motar ce ta lalace a Lokoja. An shekara tana Lokoja.

Ita kanta mai sayarwar a saka ta a lissafi. Kakarta dillaliya ce, da ƙunshi a ka take shiga gida-gida, abin da za ta sayar yana hannunta. Jikar ba shago, ba sito, ba ta taɓa ganin wadrof ɗin ido da ido ba. Hoton ta samo daga wata, watan ta samo daga wani, kowa ya ɗora ribarsa. In ka bi sawun har ƙarshe, ba mamaki ka ɓulla shagon kafintan da ke bayan gidanku, wanda kake wucewa kullum ba ka ko yi masa sannu.

Ni ban ce kada a saya a waya ba, akwai masu amana a ciki, kuma mai jego ko ma'aikaciya ba ta da yinin da za ta zubar a kasuwa. Amma don Allah, kafin ka tura kuɗi, ari tef ɗin tela ka auna bango, ka auna ƙofa, ka fita ka auna lungun. Ka ce a turo bidiyo da mutum tsaye a gefen kayan, ka tambaya ko katako ne ko MDF, kuma ka riƙe cikon kuɗinka sai kaya ya shiga ɗaki.