Rabon Tuƙi a Gasar Mutum-mutumi

A gasar mutum-mutumi ta ɗalibai mai suna FIRST Tech Challenge, wadda aka faro a Amurka, minti biyu da rabi ake yi a kowane wasa. A daƙiƙa 30 na farko na'urar ce ke tuƙa kanta da umarnin da aka rubuta mata. Sauran minti biyun ɗalibai ne ke juya ta da rimot irin na wasan bidiyo. Rimot biyu ne kacal, ƙungiya kuwa takan kai mutum 15, kuma kowannensu ya tabbata shi aka haifa domin tuƙi.

Bisa al'ada, ɗaya ke riƙe tayoyi, ɗaya hannun da ke ɗaukar kaya. A bayansu koci ke tsayawa, wanda doka ta hana shi taɓa rimot, saboda haka duk ƙarfinsa a maƙogwaro yake ƙarewa.

Wanda ya ƙera na'urar shi ke fara neman tayoyi, shi ne kuma mafi rashin dacewa da su. Ya san kowane noti da bai ɗauru ba, don haka lallaɓa ta yake yi kamar mai ɗauke da kiret ɗin ƙwai, abokan hamayya na ta kwasar maki. Gwanin PlayStation kuma bai san birki ba.

Babbar masifar ita ce kalmar "hagu". Idan na'urar ta juyo tana fuskantar direba, hagunta ya zama damansa. Koci ya kwarma "Hagu!", mai tayoyi ya bi hagun kansa, mai hannu ya bi na na'urar, sai a ga abu ya ɗaga hannu sama ya nufi bango da iyakar gudunsa. Bayan wasa su ukun sukan haɗa baki su ɗora laifin a kan mai rubuta umarni, wanda ke can cikin 'yan kallo yana tafi.

Gasar VEX IQ ta ƙananan yara ta ɓullo wa lamarin ta wata hanya. Wasan minti ɗaya ne, kuma dole direban farko ya miƙa wa na biyu rimot a tsakiyarsa, tsakanin saura daƙiƙa 35 da saura 25. Dokar ta raba gardamar wa zai tuƙa, ta bar ta wa zai fara, domin na biyun kan karɓi na'urar ne a inda na farkon ya maƙale ta.